Ruwa na Allah, ƙofa ta mutane: abin da mai ziyara zai gani a birnin Bath

A kudu maso yammacin Ingila, kimanin kilomita 156 daga Landan, akwai wurin da ƙasa ke tofo ruwan zafi dare da rana ba tare da wani ya hura wuta ba. Daga babbar maɓuɓɓugar kaɗai lita 1,170,000 ke fitowa kowace rana, wato abin da zai cika tankoki 35 irin masu cin lita 33,000 da ke dakon mai a hanyoyinmu, zafinsa kuwa ya kai digiri 46 a ma'aunin Salshiyos. Birnin da ya tsiro a kan wannan ruwa sunansa Bath, kalmar da ke nufin wanka a harshen Ingilishi. Mazaunansa ba su kai 100,000 ba, amma baƙin da ke zuwa kallonsa a shekara miliyoyi ne. Sau biyu hukumar UNESCO tana sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya: a 1987 saboda gine-ginensa da kufan Rumawa, sai kuma a 2021 tare da wasu garuruwan ruwan magani goma na nahiyar Turai.

Wanda ya hau jirgin ƙasa daga tashar Paddington ta Landan zai sauka Bath cikin kusan sa'a ɗaya da rabi, kuma abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne launin garin. Kusan kowane gini da dutse iri ɗaya aka yi shi, mai kalar zuma, an jera gidajen sahu-sahu a jikin tuddan da suka kewaye kogin Avon. Kyan wurin ba abin musu ba ne. Sai dai mai ziyarar da ya tsaya ga ɗaukar hoto zai koma gida bai ji labarin garin ba, domin tarihin Bath gaba ɗayansa amsa ce ga tambaya guda: wa aka yarda ya shiga ruwan? Shi dai ruwan yana nan yadda Rumawa suka tarar da shi shekaru kusan dubu biyu da suka wuce. Abin da ke sauyawa shi ne ƙofar da kowane zamani ya kafa a bakinsa, da wanda ke riƙe da mabuɗinta.

Asalin ruwan

Masana kimiyyar ƙasa sun nuna cewa asalinsa ruwan sama ne da ya sauka a kan tuddan Mendip, kudu maso yamma da garin, shekaru dubbai da suka shuɗe. Ya tsiyaya ta cikin duwatsun farar ƙasa har zurfin mita 2,700 zuwa 4,300, inda zafin cikin ƙasa ya dafa shi, sannan matsin da ke can ƙasa ya turo shi sama ta wata tsaga, ya ɓullo a wurare uku a tsakiyar garin. A hanyarsa yana kwaso ma'adanai fiye da 40, ciki har da ƙarfe, wanda shi ke rina duwatsun magudanar su yi ja kamar tsatsa.

Mutanen da ba su da wannan bayani, don haka suka ƙago nasu. Almarar garin ta ce wani ɗan sarki mai suna Bladud ya kamu da kuturta, aka kore shi daga fada, ya koma kiwon aladu. Da aladun suka kamu da ciwon fata, sai suka yi ta birgima a cikin taɓo mai zafi har suka warke. Shi ma ya shiga ya warke, ya koma ya gaji mahaifinsa, ya kafa gari a wurin. Wannan tatsuniya ce, amma akwai abin lura a cikinta. A labarin da garin ya zaɓa ya riƙa bayarwa game da kansa, wanda ya fara cin moriyar ruwan korarre ne, kuturu, wanda babu ƙofar da ke buɗe masa a ko'ina.

Ƙofar Rumawa

Rumawa sun shigo Birtaniya a shekara ta 43 Miladiyya, kuma kafin shekaru talatin sun fara gini a kan maɓuɓɓugar. Sun tarar mutanen wurin suna bauta wa wata gunkiya mai suna Sulis, sai suka haɗa ta da tasu Minerva, suka gina mata haikali, suka raɗa wa garin suna Aquae Sulis, ma'ana ruwan Sulis. Sun killace maɓuɓɓugar, suka ja ruwan zuwa wani babban tafkin wanka mai zurfin mita 1.6 da aka shimfiɗa wa fallayen dalma 45 don kada ya yi yoyo. Har yau tafkin yana riƙe da ruwa, kuma har yau magudanar da suka gina ita ke kai rarar ruwan zuwa kogi. Kewaye da shi akwai ɗakunan gumi da ake hura wa wuta ta ƙarƙashin daɓe, da kwarmin ruwan sanyi na ƙarshen wanka.

A daular Rum kuɗin shiga gidan wanka ɗan ƙalilan ne, shi ya sa ake haɗuwa a ciki da soja da fatake da masu sana'ar hannu. Duwatsun kaburbura da na bagadi da aka tono a Bath sun nuna wasu sun zo daga nesa, daga garuruwan da a yau ke cikin Faransa da Jamus. Amma shaidar da ta fi ratsa zuciya tana cikin maɓuɓɓugar kanta. Ban da tsabar kuɗi fiye da 12,000 da masu ziyara suka jefa, an tsamo ƙananan fallayen dalma kimanin 130 masu rubutu, waɗanda yawancinsu kai ƙara ne ga gunkiyar. Wani mai suna Docimedis an sace masa safar hannu guda biyu, ya roƙi a haukatar da ɓarawon a kuma makantar da shi. Wani Docilianus alkyabbarsa aka ɗauke, ya roƙi a hana wanda ya ɗauka barci har sai ya mayar. Duk wanda ya taɓa fitowa daga taro ya tarar babu takalminsa zai gane zafin da ke cikin waɗannan rubuce-rubuce.

Ƙanƙantar abin da aka sace ita ke gaya mana matsayin masu ƙarar. Attajiri yakan zo da bawa ya tsare masa tufafi. Wanda ya ajiye tasa rigar ba mai tsaro, kuma asararta ta kai shi ga tsinuwa, mai ƙaramin ƙarfi ne. Ke nan ƙofar Rumawa tana da faɗi, ko da yake bai kamata a manta da cewa a irin waɗannan gidajen wanka bayi ne ke iza wutar da wasu ke jin ɗuminta ba.

Bayan janyewar Rumawa a farkon ƙarni na 5, rufin ya rufta, laka ta binne tafkin, aka yi gidaje a kansa har aka manta da shi. A 1727 masu haƙa lambatu suka ci karo da kan gunkin Minerva na tagulla mai ruwan zinariya. Babban tafkin kuwa sai daga 1878 aka fara tone shi. Dandamalin da baƙi ke tsayawa a kai suna leƙensa, da gumakan sarakunan Rum da aka jera a bisansa, duk aikin ƙarshen ƙarni na 19 ne, ko da yake da yawa daga masu ɗaukar hoto suna zaton na Rumawa ne.

Zamanin majami'a da marasa lafiya

A tsakiyar zamani ruwan ya koma hannun majami'a. Gari ne mai daraja a lokacin: a nan aka naɗa Sarki Edgar a shekara ta 973, kuma ɗan garin ne Adelard, malamin ƙarni na 12 da ya yi yawon neman ilimi har ƙasashen gabas, ya fassara littafin lissafi na Iƙlidis da jadawalin taurari na Alkhawarizmi daga Larabci zuwa Latin. Wajen 1174 wani bishop ya kafa gidan jinya na St John kusa da ɗaya daga cikin maɓuɓɓugan domin gajiyayyu da marasa lafiya, gidauniyar da har gobe tana ba tsofaffi masauki.

A ƙarshen ƙarni na 16 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta damƙa kula da maɓuɓɓugan ga hukumar birnin, sannan a 1597 majalisar Ingila ta yi dokar da ta ba talakawa marasa lafiya 'yancin shiga ruwan kyauta. Guragu da kutare da masu sanyin ƙashi suka yi ta kwarara daga ko'ina, wasu a ƙafa, wasu a amalanke, har almajiran Bath suka zama abin buga misali a ƙasar. Babu lokacin da ƙofar ta buɗe kamar wannan. A 1714 aka soke dokar, kuma dalilin sokewar yana cikin abin da ya fara faruwa shekaru goma sha biyu kafin nan.

Sa'ad da masu kuɗi suka gano ruwan

A 1702 da 1703 Sarauniya Anne ta zo neman sauƙin ciwon gaɓɓai, kuma inda sarauta ta sa ƙafa can fadawa da masu hannu da shuni ke bi. Mutum uku ne suka mayar da wannan dama ta zama birni. Na farko Richard Nash, ɗan caca mai son ado, wanda ya zama sarkin bikin garin fiye da shekaru hamsin har rasuwarsa a 1761. Shi ya tsara yadda baƙo zai yi yininsa: wanka da sassafe, shan ruwan a zauren da aka gina don haka, yawon nuna tufafi da rana, karta da rawa da dare. Ya hana rataya takobi a cikin gari, ya sa a tashi daga rawa ƙarfe 11, ya kuma tilasta wa 'ya'yan sarauta zama wuri guda da attajiran da ba su da asali. Nash ya faɗaɗa ƙofar, amma ga masu abin biya kawai.

Na biyu Ralph Allen, wanda ya yi arziki da gyaran harkar gidan waya, ya sayi wuraren fasa dutse na Combe Down. Na uku maginin nan John Wood, wanda shi da ɗansa mai suna iri ɗaya suka zana dandalin Queen Square, da da'irar gidaje ta Circus, da Royal Crescent, jerin gidaje 30 masu siffar jinjirin wata da aka gina tsakanin 1767 da 1774. Garin da mazaunansa ba su wuce 'yan dubbai ba a 1700 ya haura 30,000 a 1801, shekarar da marubuciya Jane Austen ta tare a cikinsa. Kuɗin baƙi ya jawo masu hikima iri-iri. William Herschel, Bajamushe, kiɗa ya kawo shi a 1766, kuma daga bayan gidansa da ke titin New King ne ya hango duniyar Yuranus ranar 13 ga Maris, 1781, da madubin hangen nesa da ya ƙera da hannunsa.

Duk wanda ya je Royal Crescent, bayan ya gama kallon gaba, ya daure ya zagaya ta baya. Fuskar kawai Wood ya zana. Kowane mai saye ya gina abin da ya ga dama a bayanta, don haka gaba ɗaya take tamkar fada guda, baya kuwa wani dogo wani gajere, tagogi ko ta ina. Barori a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke aiki, a can ƙarƙashin rufi suke kwana. Gari ne da aka gina domin a gani, kuma garin da ke sayar da kyan gani ba ya son guragu da mabarata a bakin titinsa.

Ba a kori marasa lafiya gaba ɗaya ba, an dai tsara musu ƙofar baya. A 1738 aka aza harsashin asibitin ruwan ma'adanai, aka buɗe shi a 1742: Nash ya tara gudummawa, Allen ya ba da dutse, Wood ya yi zane kyauta. Aikin alheri ne na gaske, kuma bayanan asibitin sun nuna da yawa daga masu shanyewar jiki sanadin gubar dalma sun samu sauƙi. Amma ba a karɓar majinyaci sai da takardar shaida daga garinsu da kuma kuɗin ajiya, wanda za a mayar da shi gida da su idan ya warke, ko a binne shi da su idan ya mutu. Abin da yake haƙƙi a 1597 ya koma alfarma mai sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne kada talaka ya zauna a gari bayan an sallame shi.

Kuɗin wa ya gina Bath?

Kilomita 19 kacal ke tsakanin Bath da Bristol, wadda a wani ɓangare na ƙarni na 18 ita ce kan gaba cikin tashoshin jiragen cinikin bayi na Ingila. Jiragenta sun yi ta zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ciki har da Bonny da Kalaba, suna kwasar mutane zuwa gandayen rake na tsibiran Karibiyan. Masu waɗannan gandaye da yawa ba su zauna a can ba. A Bath suke hutawa, a nan suke cin ribar, a nan wasunsu suka mutu.

Gadar Pulteney, wadda aka kammala a 1774, mai shaguna a gefe biyu, wadda babu baƙon da ke barin gari bai ɗauki hotonta ba, William Pulteney ne ya sa aka gina ta, mutumin da ke da gandaye a Karibiyan. Hasumiyar Beckford da ke kan tudun Lansdown, wadda aka gama a 1827, William Beckford ya gina ta da dukiyar da ya gada daga gandayen bayi na Jamaika. A cikin babbar majami'ar garin, wadda aka fara ginin da ake gani yanzu a 1499, bango cike yake da ɗaruruwan allunan tunawa da matattu, kuma mai haƙurin karantawa zai yi ta cin karo da Jamaika da Barbados da Bengal. Da aka soke bauta a 1833, gwamnatin Birtaniya ta biya diyyar fam miliyan 20 ga iyayen gijin bayi, su bayin ba su samu ko anini ba. Kundin da masu bincike na University College London suka tattara ya nuna mazauna Bath da yawa suna cikin waɗanda suka karɓa.

Adalci ne a ce ba da kuɗin bauta kaɗai aka gina garin ba. Akwai ribar ulu, da ta gidan waya, da ta caca, da ta dillalan filaye. Haka kuma masu yaƙi da cinikin bayi sun zauna a nan. A Bath aka ɗaura auren William Wilberforce a 1797. Kuma a 'yan shekarun nan majami'ar da masu kula da hasumiyar Beckford sun fara rubuta wannan tarihi a fili inda baƙo zai gani, abin da aka daɗe ana kau da kai daga gare shi. Kada mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin abin yi wa Turawa dariya. Manyan biranenmu ma suna da gandaye da rumada a tarihinsu, kuma ba kasafai muke gaya wa ɗalibai gumin wa ya ciyar da waɗannan birane ba. Garin da ya iya rubuta abin kunyarsa a jikin bangonsa ya riga mu yin wani abu.

Shekaru 28 babu wanka

A ƙarni na 19 masu kuɗi suka koma wankan teku a garuruwa irin su Brighton, Bath ta zama mazaunin tsofaffin hafsoshi da ma'aikatan mulkin mallaka. A watan Afrilun 1942 jiragen Jamus suka yi mata ruwan bama-bamai, fiye da mutum 400 suka mutu. Bayan yaƙi kuma hukumar birnin da kanta ta rushe layuka da dama na ƙananan gidajen ma'aikata na ƙarni na 18 da sunan sabunta gari, har sai da jama'a suka tayar da ƙayar baya a farkon shekarun 1970. Fadojin sun tsira, gidajen waɗanda suka gina su ne suka tafi.

Shi kuwa ruwan, hukumar lafiya ta ƙasa ta ci gaba da tura marasa lafiya su yi jinya da shi kyauta har zuwa 1976, lokacin da ta daina. A 1978 wata yarinya ta rasu da sanƙarau bayan ta yi iyo a cikinsa. Bincike ya gano wata ƙwayar amiba mai kisa a cikin ruwan, aka rufe wuraren wanka duka. Garin da sunansa wanka ya yi shekaru 28 jama'a ba su da inda za su shiga ruwansa. Sai da aka haƙa sababbin rijiyoyin burtsatse don samun ruwa mai tsabta, sannan aka buɗe sabon gidan wanka na Thermae a 2006, shekaru huɗu bayan lokacin da aka tsara, a kan kuɗi kusan fam miliyan 45, ninki uku da ɗoriya na ƙiyasin farko.

Ga yadda ƙofar take a yau. Tafkin Rumawa na kallo ne kawai, an hana ko tsoma hannu. Koren da ake gani gansakuka ce da hasken rana ke haifarwa, tun da babu rufi yanzu. A ƙarshen zagaye akan ba baƙo ruwan da aka tabbatar da tsabtarsa ya kurɓa, ɗanɗanonsa kuwa kamar an tafasa shi a tsohuwar tukunyar ƙarfe. Mai son shiga ruwan sai ya je Thermae, wanda wani kamfanin ƙasar Malesiya ke gudanarwa, inda sa'o'i biyu ke cin fam 40 ko fiye, kuma ba a shiga babban ginin da yaro ɗan ƙasa da shekara 16. Tsohon asibitin ruwan ma'adanai ya tashi daga tsakiyar gari a 2019, an sayar da gininsa. 'Yan kilomitoci daga Royal Crescent akwai unguwar Twerton, wadda alƙaluman gwamnati ke sanyawa cikin mafi talauci a Ingila.

Hujjar masu karɓar kuɗi

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Abin da ya faru a 1978 ya nuna cewa ruwan da ke fitowa kyauta ba lallai ya zama mai aminci ba. Gwaji da tacewa da gyaran gini mai shekaru dubu biyu duk kuɗi suke ci, kuma gara baƙo mai hali ya biya da a ɗora wa mai biyan haraji. Akwai kuma abubuwan da Bath ta yi daidai. Maɓuɓɓugan har yau a hannun hukumar birnin suke, ba a sayar da su ba. Wata doka ta 1982 ta hana haƙa mai zurfi a yankin sai da izini, don kada wani ya karkatar da jijiyar ruwan ko ya gurɓata ta. Kufan Rumawa, da ke karɓar baƙi kusan miliyan ɗaya a shekara, mallakar hukumar ne, ribarsa tana shiga asusun ayyukan jama'a, kuma mazauna yankin kyauta suke shiga idan sun nuna katinsu. Ko rarar ruwan da ke bin magudanar Rumawa zuwa kogi ba a bar ta banza ba: zafinta ake tatsa ana ɗumama daɓen babbar majami'a.

Duk da haka, a ganina akwai giɓi. An tanadi ƙofa ga mai kallo, an tanadi ƙofa ga mai neman hutu, amma majinyacin da ba shi da hali, wanda dominsa aka san garin tun daga almarar Bladud har zuwa 1976, shi ne babu tasa. Karɓar kuɗi ba laifi ba ne idan ana gyara da shi. Laifin yana zuwa ne sa'ad da kuɗi ya zama mabuɗi guda tilo ga abin da babu wanda ya halitta shi. A fiƙihun da muka tashi a kai, ruwa yana cikin abubuwan da jama'a suka yi tarayya a kansu, kuma wanda ya gina rijiya yana da haƙƙin wahalarsa ba tare da ya hana mai ƙishi ba. Wannan ma'auni ya dace da Bath, ya kuma dace da maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumin digiri 31 a gandun dajin Yankari, da ruwan zafin Tafadek da marasa lafiya ke zuwa a arewa da Agadas. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa: kafin a kira mai zuba jari, a fara rubuta a doka wa ya mallaki maɓuɓɓugar, wa zai riƙa gwada tsabtarta, da kuma ta wace ƙofa ɗan gari da majinyaci za su shiga.

Ɗalibanmu da ke karatu a Ingila, da masu zuwa taro ko hutu, yini guda ya ishe su ganin Bath. A zagaya bayan Royal Crescent. A karanta allunan bangon majami'a a tsanake. Idan da sauran lokaci, a nufi yammacin gari a nemi gidan Fairfield, inda Sarkin Habasha Haile Selassie ya yi zaman gudun hijira daga 1936, bayan sojojin Italiya sun mamaye ƙasarsa. Da ya koma kan karagarsa bai manta da garin da ya ba shi mafaka ba: a 1958 ya ba birnin kyautar gidan, da sharaɗin a yi amfani da shi domin tsofaffi. Har yau tsofaffin garin, da yawansu 'yan asalin Karibiyan da Afirka da Asiya, suna taruwa a can su ci abinci su yi hira.